Facin Ƙarƙashin Kujera

A Rauma, idan ƙanƙara ta sauka,
gishiri ake watsa wa titi don kada taya ta zame.
Shekara da shekaru gishirin nan na lasar cikin motarmu,
ba ta taɓa cewa uffan ba,
sai ranar da na soka sukudireba a gindin ƙofa
ta shige zuruf, kamar a burodi.

Saab ce, koriya, ta girme ni da shekara biyu.
Tun rasuwar Sirkka, mahaifiyata, take gareji,
tayoyi sun sace, ɓeraye sun haihu a kujerar baya.
Tsatsa kuwa halin bashi gare ta:
abin da ya fito fili somin taɓi ne.

Babana Reijo,
shekara talatin da huɗu yana ɗinke cikin jiragen ruwa da wuta.
Yanzu yana ta rufe masa ido, hannu na karkarwa.
Ya kifa akwatin lemo ya zauna, kofin gahawa a gwiwa.
"Tuulikki, yanka har sai kin ga fari.
Ba a ɗora sabo a kan ruɓa."

Na yanka. Ramin da na ɗauka tafin hannu ne
ya zama faifai.
Na auna da kwalin madara, na zana a fallen ƙarfe,
na datsa, na gwada, bai zauna ba,
na sake.

Na sauke hular walda, duniya ta yi baƙi ƙirin.
Sai ɗan koren haske, tamkar ƙwayar gero.
Ɗigo. Tsallake. Ɗigo.
Ƙarfen mota siriri ne, ga saurin fushi,
in ka daɗe masa a wuri guda sai ya huje,
ya bar ka da rami biyu maimakon ɗaya.
Na huda sau uku.
Tartsatsi ya faɗa mini a takalmi, na yi rawar da ba kiɗa.

Shi ba ya ganin komai, da kunne yake duba aiki.
"Tari take yi. Rage waya.
Sai kin ji kamar ƙwai a mai mai zafi."
Na rage.
"Yauwa," in ji shi, ya kurɓi gahawa.

Asabar ta biyar na ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin kujera,
na tarar da wani tsohon faci,
walda cukus-cukus kamar kashin tsuntsu,
ƙarfen ma guntun allon titi ne, da sauran fentin rawaya.
Na ce, "Wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aika?"

Ya miƙo hannu ya shafa, ya daɗe yana shafawa.
"Ni ne.
Mai duba motoci ya ƙi ba ni takarda,
uwarki kuma cikinki ya tsufa, yau ko gobe.
Ƙarfe biyun dare na yi shi, da injin aro,
yatsuna sun sandare.
Kwana uku bayan nan, a kan facin nan ta dafa ƙafa
har asibiti, tana zagina."

Na tsaya da injin yanka a hannu.
Gefen facin duk ya ruɓe,
amma waldar nan mummuna ko gezau.

"Cire shi," ya ce. "Abin kunya ne."

Na cire, na bi gefe a hankali.
Na sa sabo, sumul, na goge, na shafa jan fenti.
Tsohon na huda shi, na rataye a ƙusa
tsakanin sifana goma sha uku da kalandar bara.
Bai sani ba tukuna.

Saura gindin ɗaya ƙofar, da bayan taya,
da wani wuri a but da nake tsoron taɓawa.
Gas ya kusa ƙarewa.
Gobe Litinin.