Kwana Uku a Kamba

Mun baro Zuru kafin zakara ya yi cara ta biyu,
mu goma sha huɗu, da kwalin tabarau,
da maganin tsutsar ciki, da rabin buhun garin dawa,
da baikon wata tara ɗaure a ƙuguna,
don ni ce ma'aji.
Fasto Akila ya ɗora hannu a goshin mota,
ya ce gobe war haka muna Gaya.
Muka ce amin, har Bilhatu ta rangaɗa guɗa.

Taya ta fashe kafin Koko.
Muka yi dariya, muka ce Shaiɗan ne ya yi tari.
Bayan Jega lagireto ya tafasa
kamar tukunyar da aka manta a murhu,
Irmiya direba ya shayar da shi ruwan shanmu kaf.
A Bunza ba wanda ya ƙara ɗaga waƙa.

Kamba. Igiya a gicciye, benci,
mutum da biro a bayan kunne.
Ya juya takardar gayyata sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce ina hatimi?
Katin rigakafin Bilhatu kuwa
ya sha wanki cikin aljihun zane,
ba a gane komai sai rawayar takarda.
Ku jira oga, in ji shi.
Oga ya tafi Birnin Kebbi gaisuwar mutuwa.

Ga Nijar can, ko jifa ka yi ya faɗa ciki.
Awaki na shiga suna fita,
ba mai tambayarsu hatimi.

Daren farko na ƙi yin addu'a.
Na juya wa masu yi baya, ina ƙirga kuɗi da yatsa
ta cikin zane, ina ƙirga abin da gyara ya ci.
Na ce, Ubangiji, gyaɗar gwauraye ce wannan,
kazar Afiniki ce, da ta sayar tana hawaye.
In ba ka son tafiyar
me ya hana ka faɗa tun muna gida?
Bai ce komai ba. Sauro ne ya amsa.

Malam Zakou mai shayi,
wanda rumfarsa muka tare ba sallama,
ya idar da sallar asuba, ya hura wuta,
ya miƙo mini kofi, ya ce baƙo ba ya biyan na farko.
Na ga yana kai kuɗi har bakin hanci
kafin ya bambance ɗari biyu da ɗari biyar.
Ban tambayi kowa ba, na yage bakin kwali.
Na uku da ya gwada ya yi shiru,
ya dubi tafin hannunsa ya daɗe,
ya ce ashe haka na tsufa.

Kafin azahar layi ya kai bakin masu canjin sefa.
Tela ya zura zare a allura, ya sāke, ya sāke, don daɗi.
Wata tsohuwa ta ce jikarta ta fi yadda ake faɗa kyau.
Har mai biro ya zo a ɓoye da magariba
ya ce na uwarsa yake nema.

Rana ta uku oga ya dawo,
ya buga hatimi ko duba mu bai yi ba.
Aka sauke igiya.
Muka haye da kwali wayam, da garin dawa kwano biyu,
da tayar aro mai faci huɗu.

Fasto ya ce in shirya rahoton da zan karanta ran Lahadi.
Na rubuta abin da ya shiga, na rubuta abin da ya fita.
Akwai layi ɗaya da na bari fari,
na rasa ko asara zan sa masa
ko kuwa can ne aka aike mu tun farko.