Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin ina awo a Aboabo.
Na san kafaɗar ladan, na san tumbin mahauta,
na san mai riƙe numfashi in na zagaya masa tef.
Amma daren Talata Nasiba ta shimfiɗa takarda kan teburin yanka
ta ce, "Baba, auna wannan."
Na juya ta sama, na juya ta ƙasa.
Ba wuya, ba hannu.

Ta ce darussa shida ake haɗawa,
Turanci, lissafi, kimiyya, da uku na zaɓi.
Nata ya tashi goma sha ɗaya.
Na ce, "Madalla. Da ma ashirin ne."
Ta yi dariya har ta ture almakashi:
a wannan kasuwa
mai ƙaramar lamba shi ne attajiri.

Tek na nan, kuɗin trotro ɗaya daga ƙofarmu.
Na sha wuce ta da ƙunshin yadi a cinya
ban taɓa tambayar faɗin ƙofarta ba.
An ce bara, a sashen kwamfuta, kan tara suka ja alli.
Tara.
Ni da ke barin inci biyu a rigar yaro saboda baɗi,
yau inci biyu sun hana ni barci.

Kashegari shago ya zama majalisa.
Opoku mai gyaran waya ya ce, "Ta jefa ƙugiya, kifi ba ya karanta jarida."
Malam Fuseini ya ce allin nan ba ya zama wuri ɗaya,
bana yara sun ci lissafi kamar koko da ƙosai,
a sa ran zai ƙara matsewa.
Uwarta daga bayan labule ta ce,
"Kada wanda ya ambata min Legon.
Gadon kwana ɗaya a Akra
ya fi hayar ɗakunanmu biyu."

Akwai ƙofa ta masu biya cikakke, in ji su.
Na dubi keken ɗinkina,
shi ma ya dube ni.

Da dare ta warware min sunayen:
"Ɗaya su ke ƙera keken, Baba.
Ɗaya su ke lura da shago, kada zare ya sarƙe.
Ɗaya kuwa su ke zana rigar da ba a taɓa ɗinkawa ba."
Ban tambaye ta wanne take so ba.
Ita ce ta kwashe littafin awona mai maiƙo
ta zuba a tsohuwar kwamfutar Opoku,
yanzu in na ce "Alhaji Bawa"
sai kafaɗarsa ta fito, da bashinsa a gefe.

Kowane fom kuɗin kaftani biyu ne.
Mun ƙirga, mun sake ƙirgawa: uku.
Tek, don zuciya ba ta jin alli.
Sunyani, don mai yiwuwa ce.
Na ukun muka ja har asuba,
ni ina cewa Tarkwa, ita tana cewa arewa,
inda sashen da take so zai karɓe ta ba da tsiya ba.
Ta ce, "Gara riga ta gaske a gari mai nisa
da aron suna a bakin ƙofa."
Maganata ce, ta wani zancen daban.
Ban san tana saurare ba.

Mun tura. Allon ya ce an karɓa,
wuta ta ɗauke.

Yanzu jira muke.
Na yanka mata farin yadi tun shekaranjiya,
na haɗa gaba da baya, na bar hannuwan a kan tebur.
Sai na ji garin tukuna
in san dogo ne ko gajere.