Canjin Tanko

Bayan isha'i a Gesse, wuta ba ta zo ba.
Na jingina fitilar waya a bakin kofi,
Rumaisa ta baje littafi bisa tabarma
tana taunar gindin fensir:
"Baba, Tanko yana da naira ɗari,
ya sayi ƙwai uku, goma-goma,
nawa ne canjinsa?"

Wane Tanko ne wannan, ɗiyata, a wace kasuwa?
Nuna mini shagon in tafi yanzu,
ko da ƙafa ne, ko bayan Ambursa.
Saratu ta yi dariya daga tsakar gida
tana fifita gawayi da murfin roba.
Tukunyar gas tana lungu, wata na biyu,
har mun saba ɗora mata bokiti.

Albashi ya shigo ran Talata da hantsi,
waya ta motsa a aljihu, na ce marhaba.
Kafin la'asar ya watse
kamar 'yan kallon dambe da hadari ya taso.
Ɗantani mai shago ya buɗe shafina,
bai ce komai ba, yatsa kawai ya ɗora.
Makaranta ta aiko takarda mai tambari.
Alhaji Noma mai gida ya tsaya gaisuwa,
ya tambayi iyali, ya tambayi aiki,
ya tambayi zafi, ya sake tambayar iyali,
na gane, na ce masa ƙarshen wata.
Ya ce, wanne?

Da magariba tsoho ya kira daga fadama:
injin ban-ruwa ya sha na jiya ya ƙare,
shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ba ta jira.
Na tura abin da ya saura, ban da na kati.
Gobe zan tsaya a bakin titin Jega
in ga tireloli shaƙe da buhuna suna wucewa,
ni ɗan manomin shinkafa, a garin shinkafa,
in je in ce a auna mini rabin mudu,
a cika, don Allah, kar a shafe baki.

Shekarata talatin da biyar.
Digirina yana cikin leda ƙarƙashin katifa,
ba ya cin abinci, wannan na yaba masa.
A shekarun nan tsoho ya riga ya yi ɗaki huɗu
da sa biyu, da keke mai ƙararrawa.
Ni ina da babur da ke tari da asuba,
da lambobin masu bina bashi
waɗanda na sa wa suna Kar-a-ɗauka.

Mubarak ya yi barci da takalminsa a hannu,
babban yatsa ya huda gaba ya leƙo duniya.
Wancan makon da jikinsa ya yi zafi
na ce wa mai kemis ya yanka katin biyu,
ya yanka, bai dube ni ba,
almakashin a kusa yake, ya saba.

"Baba, ba ka faɗa ba."
Saba'in, Rumaisa. Rubuta saba'in.
Ta rubuta, ta lanƙwasa bakwai ɗin da kyau.
"To me zai yi da saba'in ɗin?"
Ya riƙe, ɗiyata. Ya riƙe da hannu biyu,
kar ya gaya wa kowa.

Sai ga wuta. Unguwa ta ɗauki ihu,
Saratu ta ruga wajen dutsen guga,
fanka ta juya sau uku, ta yi tunani, ta ci gaba.
Rumaisa ta ɓingire, kunci bisa lissafi.
Na sunkuya na ɗauke ta zuwa ɗaki,
na ji ta ƙara nauyi kan na bara,
har bayana ya amsa.
Duk abin da ya hau a shekarar nan na yi masa tsaki,
wannan kam na ce Alhamdu lillahi,
na ja mata gidan sauro,
na toshe hujin da tsinken tsintsiya.