Asarata Ce

A teburin mai shayi, bakin tashar Tawa,
na zauna, na jingine sandata,
sai na ji ya tambayi yaron da ya rako ni:
"Sukari nawa yake sha?"
Malam, harshen yana bakina.
Shekara arba'in da ɗaya yana nan,
bai taɓa kwana a bakin Nomau ba.

Haka a asibiti.
Cikina ke murɗa, likita na tambayar ƙanena
tun yaushe abin ya fara.
Illo ya ce kwana biyu. Kwana biyar ne.
Aka rubuta biyu,
aka ba ni maganin ciwon wani.

Da Baba ya rasu aka raba gado,
aka ce Illo zai riƙe rabona,
wai kuɗi ba sa zama a hannun makaho.
Illo ba macuci ba ne, Allah shaida,
shi ke faɗa mini inda rami yake.
Amma ƙauna ma takan zama ɗaki
mai shimfiɗa, mai tuwo a kan lokaci,
makullinsa a aljihun wani.

Na ce firigo nake so, in sayar da ƙanƙara.
Gida ya yi tsit, har na ji tsaka a bango.
Inna ta ce, "Arzika, wuta fa?"
Kawu ya ce za a miƙa mini dala biyar
a ce ashirin ce.
Kawun nan da ya loda albasa buhu sittin zuwa Abijan,
ta ruɓe a kan iyaka,
ya dawo da wari da bashi.
Aka ce ƙaddara, aka dama masa fura.
Ba wanda ya ɗinke masa aljihu.

Wata uku ina faɗa, ana cewa sai an duba.
Ban yi kuka ba, ban kuma daina ba.

Ranar da muka shiga kanti,
mai kanti ya soma yi wa Illo bayani.
Na ji numfashin ƙanena ya tsaya.
Can sai ya kama hannuna, ya ɗora a kan tebur:
"Ga mai kuɗin. Da shi za ka yi."
Na taya, aka ce albarka.
Na juya zan fita,
aka kira sunana.
Ni aka kira in dawo.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi.
Kafin magariba ƙofata ta cika da takalma,
yatsana na karanta bakin kowane ƙarfe,
ba wanda ya ci mini ko dala.
Sai wuta ta ɗauke, kwana huɗu cur.
Ruwa ya biyo ƙasan ɗaki ya same ni a tabarma.
Na buɗe firigo, na zura hannu:
jikka goma sha biyu suna iyo cikin leda.

Na zauna cikin ruwan ina dariya,
Inna ta shiga salati, ta zaci na taɓu.
Inna, ba haka ba ne.
Tun da kika haife ni
an ba ni riga, an ba ni haƙuri, an ba ni hanya,
ban taɓa mallakar asara ba sai yau.
Ku bar mini ita. Ni na saya.

Yanzu ina tunanin farantin hasken rana.
Kawu na da shawara, ina saurare,
wata in ɗauka, wata in bar masa kayansa.
Ban yanke ba tukuna.

Jiya mai shayi ya ce, "Arzika, yau nawa?"
Likita ya ce in rage, na kuma ji shi sarai,
don wannan karon ni ya faɗa wa.
Na ce uku.
Na san biyu ya fi.
Gobe, wataƙila.