Boris a Ƙarƙashin Gilashi

A shagon Tanimu, bayan tashar jirgin Sabon Gari,
inda matattun rediyoyi ke jiran tashin alƙiyama,
akwai wani teburi mai gangare, an rufe shi da gilashi.
Gawa ya sayo shi, gwanjon wani otal da aka rushe.
Wata huɗu yana fama da wayoyi.
Ya sa sifirin, ya jera ƙwayayen fitila,
ya ciro boris daga cikin tsohon babur.
Ka ja sanda ka saki, boris ya haura,
ya yi ta karo da turaku, ƙararrawa na kuka,
sannan ya gangaro wurin 'yan hannaye biyu
masu gadin bakin rami.

Saura fenti.
Tanimu ya ce fim ɗinmu zai zana a kai,
wanda Baba ya sayo a kaset shekarar da aka haife ni,
na yaron da ya bi layin dogo neman ubansa,
uwar tana kunna fitilar ƙwai a zaure kowace magariba.
Mun kalle shi a Tudun Wada har hoton ya fara ruwa.
In zare ya tsinke, Baba ya liƙa da jan farcen Inna,
ya zura biro, ya naɗe, ya hura.

Yaya Uwani ta ce ba da ita ba.
Ta ce fim ɗin nan tafiyar hawainiya ce,
minti goma yaro na zaune kan gada bai ce uffan ba,
kai kuma injinka ko numfashi ba ya bari a ja.
Wane maki za ka ba hawayen uwa?
Dubu biyar? Da ƙararrawa?
Ta ce a fim yaro ya dawo gida,
a nan ko wa ya buga, ƙarshensa rami.
Ba a ɗaura wa raƙumi sirdin keke.

Tanimu ya goge hannu da tsumma, bai ɗago ba.
Ya ce dubi hannayen nan biyu na ƙasa.
Duk wanda ya tsaya a nan ya zama uwa,
yana tare, yana turawa, yana cewa kar ka faɗi.
'Ya'yanki ba za su zauna wa kaset ba, Yaya,
amma za su biya hamsin su tare yaron nan.

Ni dai ina tsakiya, kamar kullum,
ina cin gyaɗar da ba tawa ba.

Ran Talata Inna ta biyo daga asibitin ido,
ta ce a nuna mata abin da ya hana 'ya'yanta gaisawa.
Muka ɗora yatsunta kan maɓallai.
Boris ya haura, ya gangaro, ya wuce ta tsakiya
kafin ta ko motsa.
Ta ce ina ya tafi?
Tanimu ya ce ya faɗi, Inna, amma akwai wani.
Ta ce to sako shi.
Na biyu ta tare sau ɗaya. Na uku sau huɗu,
mayafi ya zame, ba ta gyara ba.

Da ta gaji ta ce, ku da kuke musu,
sau nawa ubanku ya mayar da yaron nan farko
alhali ya san zai sake ɓacewa?

Ba ta ce a zana ba. Ba ta ce a bari ba.
Ta nemi a tsayar mata da mai Keke zuwa Gyallesu.

Barau mai fenti ya zo da safe.
Bai zana yaro ba, bai zana uwar ba,
Yaya Uwani na tsaye a kansa.
Layin dogo kawai ya ja daga sama har ƙasa,
sai fitilar ƙwai guda, daidai bakin ramin.
Ita ce ƙwan da Tanimu ya haɗa da batir,
ko an ɗauke wuta tana ci.