Lissafin Bayan Isha'i

Bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Malam Dikko ya ja tabarma gindin dalbejiya,
inda tsohuwar motar da yayansa ya bari
ke tara ganye da kashin tsuntsaye.
Ya ce, "Turai, zo mu yi lissafi."
Na zo da fitilar waya da kwalin maganinsa,
don shi ne takardar da ta fi kusa.

Dubu arba'in da biyar kowane kai,
in ji mai makarantar tuƙi ta wajen Ƙofar Ƙaura,
ban da lasisi, ban da hoto,
ban da ɗan abin da ba ya hawa rasit.
Kai biyu gare mu, Mannir da Rumasa'u,
kuɗin kai ɗaya ma sai an yi masa ciko.

Ya ce a fara da namiji.
Na ce, ka tuna daren nan na Sha'aban
da numfashi ya tsaya maka a maƙoshi?
Mota a ƙofar gida, makulli a jikin ƙusa,
muna kallonta kamar hoton kalanda.
Mannir yana Funtuwa.
Yarinyar ce ta fita ba takalmi,
ta bi layi tana dukan ƙofofi
har Allah ya haɗa ta da mai napep.

Bai amsa ba.
Ya kashe sauro a ƙwaurinsa, ya daɗe yana duba tafin hannu.

Can ya ce, "Ɗan'azumi na tasha
zai koya masu a filin firamare,
mai kawai za mu zuba."
Na ce, Ɗan'azumin da ya koya wa ɗan gidan Lado?
Je ka dubi katangar Islamiyya,
facin simintin bai gama bushewa ba.
Araha ba ta ado, Malam.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Muka zube abin da muke da shi a fili:
kwasar adashina ta watan gobe,
wadda na yi wa rufin kicin alkawari tun bara;
fanshonsa, mai zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya;
buhun gero biyu daga gonar Ɓatagarawa;
sai tunkiya.
Ya ce ban da tunkiya, ciki gare ta.
Na ce to ban da keken ɗinkina.
Muka zauna, kowa rungume da abin da ya hana.

Ashe bango yana da kunne.
Mannir ya fito yana sosa ƙeya,
ya ajiye dubu goma sha biyu na gyaran waya.
"A fara da ita. Ni na ɗan iya."
Uban ya ɗago. "Da motar wa?"
Yaron ya dubi sama, ya shiga ƙirga taurari.
Daga bayan labule Rumasa'u ta miƙo gwangwanin madara,
kuɗin lallen amare, duk sun yi jan lalle a gefe.

Gero zai tafi kasuwa ran Laraba.
Kicin zai ƙara damina ɗaya yana kuka cikin roba.
Ita yanzu, shi bayan girbi.
Tunkiya ta tsira, tana tuƙa a turke,
ba ta san an yi shari'arta ba.

Da asuba na fito sharar ganye.
Na buɗe motar, don in kaɗe ƙura, na ce wa kaina.
Na zauna inda ban taɓa zama ba.
Sitiyari da sanyi, kamar bakin randa.
Ƙafata ba ta kai ƙasa sosai.

Kwalin yana ɗaure a bakin zanena.
Ƙarƙashin sunayen biyu akwai sauran wuri.
Na rubuta na uku da ƙananan baƙaƙe,
ban sa kuɗi a gabansa ba tukuna.