Wanda Ya Yi Shiru

Tambaya ta arba'in da bakwai:
majinyata huɗu, ke kaɗai a ɗaki,
wa za ki fara dubawa?

Kwana uku ruwa na dukan kwanon rufinmu a Iloilo.
An ɗauke wuta tun faɗuwar rana,
kyandir saura tsawon ɗan yatsa.
Inna ta yi barci a gefen mangwaron da ya yi kwantai.
Mako biyu ya rage a yi jarrabawar lasisi,
daga ni sai littafi mai nauyin tubali.

Na farko yana ihu, ƙafa ta karye.
Ta biyu na roƙon maganin barci.
Na uku zazzaɓi ya sauka, ƙishi ya taso.
Na huɗu an yi masa aiki a ciki da safe,
bai ce komai ba.

Na ajiye fensir.
Ai na san na huɗun nan.
Anacleto sunansa, masunci daga Estancia,
gado na tara, gindin taga,
tafin hannunsa duk kanta saboda jan taru.
Ina ɗaliba a lokacin, dare na na biyar a ɗakin maza.
Na auna jininsa, lamba ta fito daidai,
na rubuta ta da hannu mai kyau,
na juya wajen mai ihu.

Manang Consolacion, shekara talatin cikin farin kaya,
ko kallon takardata ba ta yi ba.
Ta ɗora bayan hannu a goshinsa,
ta ɗaga bargo,
ta durƙusa, gwiwa na ƙara, ta leƙa jakar fitsari.
"Florabel, zo ki taɓa."

Sanyi da danshi,
kamar kifin da aka zaro daga ƙanƙara.
Jijiyar hannu na gudu, siririya kamar zare.
"Awa huɗu, fitsari bai kai rabin kofi ba.
Tun yaushe ya daina tambayar matarsa?"

Ban sani ba.
Na ɗauka sauƙi ne ya sa shi shiru.

"Mai ihu akwai iska a ƙirjinsa,
da ita yake ihun.
Lamba takan makara, 'yata,
jiki kan riga ta magana.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Wannan jini yake zubarwa, can inda ba ma gani.
Kira likita.
Kada ki ce masa kina jin kamar.
Faɗi abin da kika gani, da ƙarfe nawa,
ki ce ya zo yanzu."

Na tuna tayar gadon ta hagu
tana kuka har ƙofar tiyata.

Bayan kwana tara matarsa ta zo
da busasshen kifi a naɗe cikin jarida,
ta danƙa mini, tana ta godiya.
Kunya ta rufe ni.
Na kai wa Manang, na ce naki ne.
Ta shinshina, ta mayar mini:
"Ki soya da shinkafar jiya.
Gobe kuma ki riga ni taɓa goshi."

Na zagaye na huɗu.
A bayan littafi layi uku ne bayaninsa,
babu sanyin fata a ciki,
babu ƙarar gwiwar tsohuwa.

Kafin in buɗe ta arba'in da takwas
na lura Inna ta daina minshari.
Na matsa a hankali,
na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta.
Ɗumi. Saba'in da biyu.
Ta buɗe ido ɗaya, ta ce,
"Ki kashe kyandir ɗin nan, da kuɗi ake saya."